Ku Kai Ta Gida

Hammu dai ya ga 'yarsa, ko da ta bayan gilashi ne. Matarsa Yamna kuwa, da ta yi dakon cikin tana hawa dutse tana sauka da shi har ya isa haihuwa, ko ɗan yatsan ƙafar yarinyar ba ta gani ba. Tana kwance ba ta san inda kanta yake ba aka yi mata aiki aka ciro jaririyar a ƙaramin asibitin da ke gindin dutse. Aka jijjiga, aka bubbuga, ba ta yi kuka ba, sai aka naɗe ta aka sa a motar asibiti, aka ce uban ya shiga, sai birnin Marrakesh. Ko da Yamna ta farfaɗo ta lalubi gefenta, babu kowa sai uwarta, Inna Hadda, tana yi mata fifita da bakin mayafi.

Naƙudar ce ta daɗe, kuma ba laifin kowa ba ne sai ruwan sama. Ya yi ta zuba har ya cinye hanyar motar da ke hawa ƙauyensu, sai a kan ƙyauren ƙofa aka sauko da Yamna, maza suna karɓa-karɓa, ita tana cizon mayafi don kada su ji kukanta. Kafin a kai ga likita, abin da zai lalace ya lalace. Da aka sallame ta, a kan ƙyauren nan aka mayar da ita gida. Sau ɗaya ta kafe sai an kai ta birni ta ga abin da ta haifa. Aka ɗauko ta, ba a ko wuce gonakin bakin gari ba ɗinkin ya buɗe, jini ya ɓalle. Nas ɗin ƙauye ta zo ta wanke mazan gidan tas, ta rantse in aka kuma motsa matar nan to a tanadi likkafani. Shi ke nan, uwa tana kan dutse, 'ya tana cikin kwalbar jarirai a birni, Hammu yana tsakani da waya a hannu.

Shi mutumin gona ne, tuffa yake nomawa, ga shi lokacin tsinka ya yi, amma ko sau ɗaya gonar ba ta faɗo masa a rai ba. Harabar asibiti ta zama gidansa, shi da Gwaggo Tuda, ƙanwar mahaifinsa, wadda babu wanda ya gayyace ta. Ganinta kawai ya yi ta sauko daga tasi da buhun gurasar sha'ir, da butar shayi, da ɗan murhun gas, ta shimfiɗa bargo a ƙarƙashin itacen lemo kamar ita ta dasa shi. Mai gadi ya zo ya ce ba a kunna wuta a nan. Ta ce masa, “To zo ka kashe in ka isa.” Kafin la'asar mai gadin yana tsugune yana shan shayinta, yana ba ta labarin ciwon bayan matarsa.

Kullum da hantsi Hammu yake kiran gida. Wayar tana hannun Inna Hadda, kuma a duk gidan wuri ɗaya take kamawa, bakin tagar ɗakin Yamna, shi ya sa aka ja shimfiɗarta zuwa can. Gaisuwarsa da surukar ba ta tsawo, don kunnenta ya fara nauyi, ga shi ba ta barin mutum ya kai aya. Sai ya ce, “Inna, ba ni Yamna.”

“Ta buɗe ido yau?” Da wannan Yamna take farawa.

“Tana dai barci.”

“Kullum barci! Halin gidanku ta ɗauko ke nan. Da wa ta yi kama?”

“Ke ce sak. Har hancin.”

“Maƙaryaci. Jiya ka ce hancinka ne.”

Allah ya sani bai taɓa ganin hancin ba, filasta ta rufe shi tun ranar farko. Ba a barin kowa ya shiga ɗakin jariran, sai dai a tsaya a baranda a leƙa. Abin da yake gani ɗan mutum ne kwance rigingine, roba a baki, roba a cibiya, ƙirji yana tashi yana sauka daidai da hucin injin da ke gefe. Yana tausayin yarinyar, amma in za a faɗi gaskiya matarsa ya fi tausayi, ita da nono ya cika mata ƙirji tana tatsewa a kwano ana zubarwa a gindin ɓaure.

Ran nan bai kai ga kiran gida ba wata nas ta leƙo harabar ta ce likita tana nemansa. Dakta Sakali doguwar mace ce 'yar birni, mai saurin tafiya da saurin magana, wadda ta saba ba shi labari a tsaye a bakin ƙofa. Yau sai ta kai shi wani ɗan ɗaki, ta ja masa kujera, ta rufe ƙofa, ta kashe wayarta. Tun daga nan ya san ba lafiya ba.

“Malam Hammu, zan yi maka magana a hankali. Inda Larabcina ya yi maka sauri ka tsayar da ni.”

“To, Likita.”

“Lokacin da haihuwar ta daɗe, iska ta yanke wa ƙwaƙwalwar yarinyar nan. Abin da ya mutu a wurin ba ya dawowa. Mun jira mu ga ko akwai saura, ba mu gani ba. Yanzu ƙodarta ma ta tsaya, ka ga yadda take kumbura. Ba ni kaɗai na duba ba, mu uku ne, kuma bakinmu ɗaya.”

“Amma ai tana numfashi. Da idona nake gani.”

“Injin ne yake hura mata. Shi kuwa ba magani ba ne, riƙo kawai yake yi. Zai iya riƙe ta wasu kwanaki, muna ta huda ta muna neman jijiya, har zuciyar ta gaji. Inda za a je ɗaya ne.”

Ya matse hularsa a hannu. “In aka cire fa?”

“Tana ɗan ja da kanta, kaɗan. In muka sa mata 'yar robar iska a hanci, muka ba ta maganin da zai hana ta wahala, tana iya kai yamma, tana iya kwana. In an fita da ita, tana kuma iya kasa kai bakin gari. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Na ji an ce uwarta ba ta gan ta ba. In kuna so, kuna iya kai ta gida.”

Ai Hammu ya san wannan maganar. Wane ne a duwatsun nan bai san ta ba? Likita a wajenmu ba ya buɗe baki ya ce wane zai mutu, wa ya ba shi wannan hurumin? Cewa yake yi ku kai shi gida, kowa kuma ya gane, a nemi mota, a share ɗaki, a aika wa na nesa. Haka aka ce musu a kan mahaifinsa, suka kai shi, ya sha ruwan garinsu ya cika a kan shimfiɗarsa. Amma mahaifinsa tsoho ne, ya ci zamaninsa, ya aurar da 'ya'ya. Wannan kuwa ko suna ba a raɗa mata ba.

“Ba dole ba ne,” in ji likitar. “In ka ce a bar injin za mu bar shi, kuma babu wanda zai harare ka. Sai dai kullum ƙarfinta raguwa yake yi. Hanyar da za ta iya jurewa yau, jibi ba lalle ba ne.”

Ya fito ba ya ko ganin gabansa sosai. Kafin ya gaya wa kowa sai da ya kira Yaya Bassu, wansa da ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Kazablanka, don tun rasuwar mahaifinsu ba a yanke magana a gidan sai da shi. Bassu bai bari ya ƙarasa ba.

“Kai, kana da hankali kuwa? Ka ce a cire? Da bakinka? To mene ne bambancinka da wanda ya sa matashi ya danne ta?”

“Yaya, likitoci uku ne suka…”

“Ko ɗari ne! Su ne Allah? Gadon suke so su ba wani, ka ji in gaya maka, sun ga ɗan ƙauye. Akwai wani a wurin aikinmu, haka aka ce ɗansa ba zai yi rai ba, yau yaron ƙwallo yake bugawa. Ka bar wa Allah ikonsa. Ranar da ya so ɗauka zai ɗauka, ba sai ka taya shi ba.”

Bassu ba mugu ba ne. Kuka yake yi yana faɗan, Hammu yana jin yadda yake jan hanci, shi ya sa ma maganar ta fi shigarsa.

Da aka kira azahar ya tsallaka titi zuwa masallacin da ke kallon asibitin. Bayan an sallame ya jira mutane suka ragu, ya matsa kusa da liman ya zayyana masa komai, yana fatan a daka masa tsawa a ce yi kaza. Limamin da gani ba yau ya fara jin irin wannan tambayar daga mutanen tsallaken titi ba. Ya tambaye shi ko likitocin amintattu ne, ko sun haɗu a kan magana ɗaya. Sannan ya ce, “In ka yarda aka cire, ba kisa ka yi ba, ciwon da Allah ya ɗora mata ne zai yi aikinsa. In ka ce a bari, nan ma ba ka yi laifi ba.”

“To wanne zan yi, Malam?”

“Wannan kam kai ne ubanta.”

Haushi ya kama Hammu, wallahi har ya fita bai yi godiya ba. Ya zo a sauke masa kaya, an gyara masa gammo an mayar masa a ka.

Gwaggo Tuda ta dube shi sau ɗaya ta sauke butar daga wuta. “An ce a kai ta gida ko?”

Ya gyaɗa kai. Ya gaya mata abin da Bassu ya ce, da abin da liman ya ce.

“Bassu! Bassun da ko kaza za a yanka sai ya juya baya? Yana can bakin teku yana ba da umarni. Ya zo nan ya ga yadda aka aske gefen kan yarinyar nan ana neman jijiya mana.” Ta zuba shayi ta tura masa, bai taɓa ba. Sai muryarta ta sauka. “Ɗan nan, ni ba zan ce maka cire ko bari ba, ban yi karatu ba. Amma uku na binne tun suna cikin zanen goyo, kafin a haife ka. Har yau in na rufe ido na san ɗumin kowanne a nan.” Ta dafa ƙirjinta. “Na san wanda ya fi nauyi, na san mai ƙanshin nono a wuya. Da wannan nake kwana. Matarka fa, in aka kai mata a naɗe an ɗaure, da me za ta kwana?”

Hammu ya tashi ya koma bakin gilashin, ya daɗe a tsaye. Tsoronsa ɗaya ne yanzu, kuma bai ɓoye wa kansa ba: kada ya sa a cire injin, yarinyar ta cika a hanya, ya zama ya rage mata kwana kuma uwar ba ta samu komai ba. In haka ta faru bai san da wane ido zai dubi Bassu ba, balle Yamna. Amma in ya bar ta a nan, wannan babu ko wataƙila a ciki, Yamna ba za ta taɓa riƙe 'yarta da rai ba. Ya nemi Dakta Sakali ya ce, “Likita, a nemo mana mota. Yau, tun da sauran rana.”

Sannan ya kira gida. Inna Hadda ta ɗauka da ihunta na kullum. Ya buɗe baki zai ce ba ni Yamna, sai ya ji ba zai iya ba. In ya ji muryarta, a nan harabar zai zube a gaban mai gadi da masu jinya. Gara tsohuwa ta ji, ita ta san yadda za ta lallaɓa ta gaya mata.

“Inna, likita ta ce mu kawo ta gida.”

“Ka ce me?”

“Mu kawo ta gida! Yau. Muna tafe.”

Sai ya ji ta ce, “Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi,” murya tana rawa, layin ya yanke. Ya ce a ransa, Allah sarki, tsohuwa mai tawakkali.

Cire injin bai ɗauki lokaci ba, har abin ya ba shi mamaki. Aka sa masa riga aka shigar da shi ɗakin da ya saba leƙe, shi da Gwaggo. Likitar ta ba da maganin, ta ɓanɓare filastar a hankali, ta zare robar, ta kashe injin. Ƙirjin ya tsaya. Can sai yarinyar ta ja wani ɗan numfashi mai kama da shessheƙa, ta saki, ta kuma ja.

“Ka gani, 'yar dutse ce,” in ji likitar, idonta ya yi ja.

Aka maƙala mata siririyar roba a hanci aka haɗa da tukunyar iska. Gwaggo ta zare zanen asibiti ta mayar musu da abinsu, ta naɗe yarinyar da wani farin bargon ulu da ta ciro daga ƙasan buhun gurasa, ta miƙa wa Hammu. “Riƙe 'yarka. Ka yi mata kiran salla a kunne, tun da ta zo duniya inji kawai take ji.”

Ya sunkuya ya yi mata. Hancin kuwa, ashe na Yamna ne.

Direban motar asibitin wani kakkauran mutum ne mai suna Addi. An san shi da surutu, amma ranar ko rediyo bai kunna ba. Ya kutsa da su ta cikin masu babura da keken doki yana danna hon, suka fita fili, suka fara hawa. Hammu bai ga hanya ba, idonsa yana kan ɗan bakin nan da ya yi shuɗi-shuɗi. Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, ya san Bassu ne, bai da hannun ɗauka. Yarinyar takan ja numfashi a jere, sai ta tsaya, ta tsaya har ya ce shi ke nan, sai ta kuma ja. Duk tsayawa sai Gwaggo ta sunkuyo ta ce, “A'a, 'yar nan, ba a nan ba. Uwarki na jira. Kada ki yi mana rashin kunya a mota.”

A inda ruwa ya cinye hanya motar ta tsaya, daga nan sai ƙafa. Robar da ta haɗa hancin yarinyar da tukunyar ba ta da tsawo, don haka Addi ya saɓa tukunyar a kafaɗa ya bi bayan Hammu dab da dab, in wannan ya ɗaga ƙafa wancan ya sa tasa a wurin. Ba dama a yi sauri, ba dama a huta. Gwaggo tana can baya tana haki, tana tsine wa gwiwoyinta da duk wanda ya fara gina gida a kan dutse. Suka wuce gonar Hammu, tuffa a zube jajawur a ƙasa, ƙudan zuma suna bi. Yarinyar tana ja tana saki.

Sun kusa kwanar ƙarshe ya ji hayaniya. Da farko ya ɗauka kuka ne, ya ce to, mata sun fara tun ba a iso ba. Da suka sha kwanar sai ya ji abin da kyau. Guɗa ce. Guɗa da bandiri da tafi. Mata sun cika soron gidan cikin kayan salla, hayaƙi yana tashi daga tsakar gida, ƙanshin kaza da hulba ya tare hanya, ga ragon sunan da ya saya tun cikin bai tsufa ba an wanke shi an ɗaure a bakin ƙofa.

Hammu ya tsaya cak, har Addi ya kusa yin karo da shi. Gwaggo ta iso tana dafe da ƙugu.

“Kai, me ka ce wa matar nan a waya?”

“Abin da likita ta ce. Mu kawo ta gida.”

“Shi ke nan abin da ka ce?”

“Ai kowa ya san…”

“Wayyo ni Tuda! Kowa ya sani a kan tsoho! Wa ya taɓa jin an faɗe ta a kan jariri? Jariri in an ce a kai shi gida ai sallama ce, sakarai!” Ta dubi soron, ta dubi bargon da ke hannunsa. “Wuce. Babu lokacin bayani. Wuce, ni na san yadda zan yi da su.”

Inna Hadda ta taho da kwanon madara da dabino, tana rawa da tsufanta, hawayen murna na zuba. Mata suka yanyame su, kowa na miƙo hannu a buɗe mata fuskar baƙuwa. Wata ta tambayi tukunyar da ke kafaɗar Addi, wata ta amsa cewa ai haka ake sallamo jarirai yanzu, ita ta gani a birni. Hammu ya sunkuyar da kai yana kutsawa, ana ta ce masa barka, barka, kunya da baƙin ciki kamar su kashe shi. A bakin ɗakin Yamna, Gwaggo ta juya ta baje hannuwa ta tare ƙofar.

“Likita ta hana taro! Daga uwa sai uba. Ku koma can ku yi kiɗanku, numfashinku duk tafarnuwa.”

Aka yi dariya aka ja da baya. Addi ya jingine tukunyar a gefen shimfiɗa, ya fita bai ɗaga ido ba, aka ja ƙofa.

Yamna tana zaune an tokare ta da matasai. Ta yi wanka, ta sa koriyar rigarta ta biki, ta ja kwalli, har da ɗan lalle a tafin hannu wanda bai gama kamawa ba. Da Hammu ya ga kwallin nan sai zuciyarsa ta karye. Ya durƙusa a gabanta.

“Yamna, tsaya in gaya miki…”

“Miƙo ta tukuna.”

Ya miƙa. Tana numfashi ya miƙa ta, wannan kam Allah ya ba shi.

Yamna ta ɗora ta a cinya ta warware bargon, ta bi ta da kallo tun daga gefen kan da aka aske har tafin ƙafa, ta taɓa duk inda allura ta bar tabo. Ta buɗe 'yan yatsun da suka kumbura ɗaya bayan ɗaya. Ta sunkuya, duk da ɗinkin, ta shinshini wuyanta. Sannan ta buɗe gaban rigarta ta kwantar da ita a ƙirji, ta ja bargon ta rufe su biyun. Ta matso ɗigon nono a yatsa ta shafa mata a leɓe.

“Sannu da zuwa,” ta ce. “Sannu da hanya. Kin sha dutse ko? Haka garinku yake.”

Hammu ya kasa riƙe kansa. “Ba abin da Inna ta ji ba ne, Yamna. Ba sallamar ta aka yi ba. Ni na ce a cire injin, ni da bakina. Likita ta ce ba lalle ta…”

“Na sani.”

Ya ɗago kai.

“Tun da Inna ta ajiye wayar na sani. Kai da ko akuya ce ta haihu sai ka ce a ba ni waya? Da warkewa ta yi, ihunka zan fara ji, ba na Inna ba.”

“To me ya sa kika bar su? Kaji aka yanka fa, an tara gari!”

“Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji Inna ta hau soro ta rangaɗa guɗa.” Ta gyara bargon a bayan yarinyar. “Ranar da aka haife ta wa ya yi mata guɗa? Babu. Duk 'yar da aka haifa a ƙauyen nan an yi mata, har ta gidan da ba a shiri da su. Sai tawa ce za a shigo da ita shiru ana sanɗa kamar kayan sata? A'a. A yi mata. Ba ta da wani bikin bayan wannan.”

“Inna za ta ji ciwo in ta gane.”

“Za ta ji. Ni zan ba ta haƙuri.” Sai a lokacin ta dube shi sosai. “Da ka bar ta a can don tsoron bakin mutane, da ban yafe maka ba. Leƙa ta taga ka gaya wa limamin ƙauye, sunanta Ijja. A yanka ragon yanzu, tana ji.”

Ya leƙa ya faɗa. Aka yi kabbara a waje, guɗa ta sake tashi har dutsen tsallake ya amsa. Mata suka jeru a tsakar gida kafaɗa da kafaɗa suka ɗauko waƙar da ake yi wa maijego, sahu ɗaya na bayarwa ɗaya na amsawa, sunan Ijja yana yawo a ciki. Ta tsagar ƙofa ana ganin bayan Gwaggo Tuda. Ta zauna ta tokare ƙofar, tana tafi tare da su, kafaɗunta na rawa.

Rana ta sauka daga tagar ta koma bango. Yamna ba ta daina magana ba. Ta gaya wa Ijja sunayen dangi, da wanda ake kiyayar bakinsa da wanda ba ruwansa. Ta gaya mata ubanta mutumin kirki ne, sai dai bai iya ba da saƙo ba. Tsayawar numfashin tana ƙara tsawo. Hammu ya ɗora hannunsa a kan na matarsa a bayan yarinyar, suna jin ja da sakin tare. Ta ja, ta saki. Suka jira. Suka ƙara jira.

Babu abin da ke motsi a ɗakin sai hucin tukunyar iska. Yamna ta zare 'yar robar daga hancin da kanta, ta shafe wurin da babban yatsa, ta yi innalillahi a hankali. Hammu ya murɗa kan tukunyar ya kashe. Ya share fuska da hannun riga, ya miƙe ya nufi ƙofa, don dole wani ya fita ya faɗa.

“Hammu.”

Ya waiwayo.

“Ba su kai ƙarshen waƙar ba. Bar su su ƙarasa mata.”

Ya saki mariƙin ƙofar. Ya dawo ya zauna a gefenta, suka jingina da bango su uku, suna saurare.